Manet na Huɗu

Tun kafin sabon injin ya iso Malanville hankalina bai kwanta da shi ba. Abdu, ɗan kawuna, shi ya dawo daga karatu a Parakou da tallar sabon wasan tele cikin wayarsa, yana nuna wa kowa a ƙofar ɗakin wasanmu. Mutane sunka taru a kansa, wannan na cewa dubi ruwa kamar na gaske, wancan na cewa dubi hayaƙi. Ni ina bayansu, ɗiyata Nafisa goye a bayana, ina leƙe ta kafaɗar wani. Abu guda nake nema, kuma ban gan shi ba. Fuskar telen ba a raba ta ba. Bindiga guda, hannu guda, daga farkon hoton har ƙarshensa.

Na ce, "Abdu, ina sauran ukun?"

"Waɗanne uku, Yaya Hadiza?"

"Mutum huɗu ke zama benci. Nan mutum guda nike gani."

Ya yi dariya ya ce, "Talla ce wagga. Ke dai tsoro ya yi miki yawa. Waɗanda sunka yi na farko su sunka yi na biyu, ƙaƙa za su rage abu? Ƙari ake yi."

Na ƙyale shi, don ni aji huɗu na tsaya a lekol, makarantar boko, shi kuwa yana da takardu. Amma kwana uku ina wanke-wanke ina tunanin bencin nan.

Ku da kuke wucewa ta ƙofarmu kuna cewa Maman Nafisa ta samu aikin hutu, zama ƙarƙashin fanka tana kallon ƙattai suna harbin juna a tele, ku nake wa wannan rubutu. Makon jiya wata yarinya ta ce mini ita ma za ta buɗe irin nawa, tunda inji ne ke yin aikin. Na dube ta na rasa ta inda zan fara. To yau na samu.

Ɗakinmu guda ne, bayan rumfunan albasa, kan hanyar da kamiyo, manyan motocin kaya, ke bi zuwa gadar da ake haye gulbi a shiga Gaya. Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, shi ke da shi. Da can gyaran rediyo yake yi. Da idonsa ya fara kasa ganin ƙananan ƙusoshi sai ya ɗauke ni, ina da shekara goma sha shida, ya ce hannuna siriri ne kuma ba ni da surutu. A na biyun ya yi kuskure.

Wasan da ya riƙe ɗakin na harbi ne. Sunansa na Turanci, bakina bai taɓa iya shi ba, mu dai Ɗaya muke ce mishi tun da munka ji an yi mishi Biyu. Mutum huɗu ke zama, kowa da manet ɗinsa, wato abin nan da ake riƙewa hannu biyu ana dannawa, mai doguwar igiya zuwa jikin inji. Fuskar tele ta rabu huɗu, kowa da kusurwarsa, gida muke ce mata. Biyu da biyu ake yi. Kowa bindiga iri guda yake farawa da ita, Alhaji ne kai ko mai turin baro. Ɓangaren da ya fara kayar da ashirin ya ci, waɗanda sunka faɗi su tashi su ba na layi wuri.

Manet na farko da Kawu ya ba ni in buɗe, buton na harbi, maɓallin da ake dannawa, shi ne ya maƙale. Ya aje mini farin faranti, ƙaramin turnabis na kwance ƙusa, tsohon burushin haƙori, auduga da kwalbar alkol na goge datti. Ya ce duk ƙusar da na kwance in jera ta a faranti yadda ta fito. Da na ɗaga murfin sai wani ɗan murɗaɗɗen ƙarfe, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ya yi tsalle ya ɓace. Kawu bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini tsintsiya ya koma ya zauna. Daga hantsi har la'asar ina sharar ɗakin nan ina tace ƙasar da rariya. Na same shi cikin tsagar siminti, ƙarƙashin tebur. Kawu ya karɓa ya duba a haske ya mayar mini, ya ce, "Gobe in za ki ɗaga murfi, ki rufa mishi zane." Har yau ba na buɗe manet sai ƙarƙashin kallabi.

Abin da ke cikin manet, in kun gani, sai kun wanke hannu sau uku kafin ku ci tuwo. Gumi ne, da man ƙuli-ƙuli, da ƙurar albasa, da yajin masu cin tsire, duk sun haɗu sun zama baƙin danƙo. Ƙarƙashin kowane buton akwai 'yar roba. A wasan harbi ta yatsan dama ce ke fara yagewa, don mutum in ya ga abokin gaba ba dannawa yake ba, matsewa yake kamar mai kashe kwarkwata. Ba a sayar da robar nan a kasuwarmu, ba a Gaya, ba a Kandi. Daga mataccen manet ake ciro ta. Shi ya sa ba mu yar da ko guda. Muna da buhun shinkafa bayan ƙofa cike da matattu, Kawu na ce mishi maƙabarta. Ku riƙe zancen buhun nan, zan dawo kansa.

Inji kuma ba ya son zafi, garinmu kuwa kun san shi a bazara. Sai na ɗora shi kan duwatsu huɗu iska ta bi ta ƙasansa, in juya fankar ta dube shi ta bar mutane. Su yi ta mita, in ce ku kuna iya fita ku sha iska, shi ba ya iya. In ƙararsa ta sauya, kunnena ke fara ji kafin hoto ya tsaya. Sai in kashe, in ce kowa ya je ya yi salla. Ba su san hutun inji nake nema ba, har Alhaji ɗaya ya taɓa yaba wa Kawu tarbiyyata.

Kwalin kuwa ni na ƙirƙiro shi, kuma ba wanda zai ƙwace mini wannan. Wata ranar kasuwa Dogo da Zakari sunka kusa fasa mana tele. Dogo mutumin Gaya ne, yana lodin kamiyo, kullum sai ya haye gada ya zo. Zakari ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, na nan garin. Filayen da ke cikin wasan duk mun raɗa musu sunayen wurarenmu, akwai Tasha, akwai Bakin Gulbi, akwai Duwan, wato kwastan, mai tarin kwantena. Dogo ya je ya ɓuya bayan kwantena a Duwan. Zakari ya zagayo kai tsaye kamar an aike shi, ya harbe shi a ƙeya.

Dogo ya ce, "Ka leƙa gidana!"

"Ban leƙa ba, takunka na ji."

"Wane taku? Tsugune nike! Idonka kamar na hawainiya, guda na gabanka guda na wurina!"

"To tsawonka ne ya tona ka. Har cikin tele kanka ya ɗara kwantena."

Dogo ya miƙe da manet a hannu, igiya ta ja inji har bakin tebur, da cinyata na tare shi. Washegari na ɗaure kowace igiya a ƙafar tebur, in mutum ya fizga ya fizgi katako. Sannan na samo kwalin makaroni, na yanke shi tsawon hannu, na kafa shi a tsaye tsakiyar fuskar tele da sikoc, salatif ɗin liƙi, na tokare shi da karan dawa. Bencin hagu ba ya ganin dama, na dama ba ya ganin hagu. Amma sai ka san ramin kowace igiya: na ɗaya da na uku bencin hagu, na biyu da na huɗu bencin dama. In ka saɓa, mutum zai zauna yana kallon gidan abokin gabarsa yana tuƙa nasa sojan a makance. Na kuma kafa doka: wanda ya miƙa wuya ya wuce kwali ya tashi, ko da shi ke ci. Alhaji Bawa mai albasa, mutumin Kamba, dattijo mai jikoki, sau biyu ina tada shi. Ya tashi kuwa, yana gyara babbar riga yana cewa, "Ɗiyar nan ta fi jandarma."

Su ukun nan su ne ginshiƙin benci. Wuri na huɗu na duk wanda ya zo ne, in babu kowa ni ce. Don gwajin gyara na koyi wasan, ba don sha'awa ba, amma wanda ke buɗe manet kullum ya san inda buton ke kamawa. Da goyo a bayana na sha kayar da Zakari, har ya ce Nafisa ce ke raɗa mini inda yake.

Shekarar da anka rufe gada ita ce muguwar shekararmu. Kamiyo sunka yi layi har ba ka ganin ƙarshensu, daga baya sunka watse. Mijina direban kamiyo ne, shi ma ya dawo ya zauna gida, ɗakin wasan nan ya zama shi ke ɗora mana tukunya. Mutanen Gaya sunka daina zuwa, su ne kuwa rabin bencinmu. Zakari ya zo, ya dubi wurin zaman Dogo, ya yi zagaye guda da ni ya tashi. Wasan huɗu ba ya daɗi da biyu. Fili ya yi muku faɗi, ku yi ta yawo kuna neman juna kamar waɗanda sunka ɓata a kasuwa.

A nan Abdu ya shigo da tallarsa. Ya ce Biyu da rezo ake yin shi, ta iska kamar kiran waya. Dogo zai zauna a Gaya ya harbi Zakari a Malanville, gada ta yi ta zama a rufe. Wagga magana ita ta ci Kawu. Ya sayar da tsohon babur ɗinsa da raguna biyu, anka yi saƙon sabon inji daga Cotonou, don Biyu ba ya hawa tsohon. Tsohon kuwa anka naɗe shi a zane anka cusa ƙarƙashin gadon Kawu.

Ranar da munka kunna sabon, ɗakin ya cika har taga. Ɗaya, in ka sa faifai, kafin ka gyara zama an fara. Biyu sai ya rubuto wani abu, da wani dogon layi a ƙasa yana cika a hankali. Abdu ya ce mizajur ne, wai sai ya jawo sauran jikinsa ta rezo.

Na ce, "Wane sauran jiki? Ba cikakke anka sayo ba?"

"Haka ake yi yanzu, Yaya."

Layin nan ya yi ta rarrafe tun safe. Anka yi azahar, anka yi la'asar. Ya kusa ƙarshe wuta ta ɗauke. Da ta dawo ya koma baya. Kwana biyu munka yi muna gadin layi kamar masu jinya.

Rana ta uku na zo da kwalina da sikoc. Abdu ya shiga nan ya fita can yana neman inda ake raba fuska. Ya duba waya, ya kira abokinsa na Parakou, ya fita waje yana magana da Faransanci. Da ya dawo ya ce ƙasa-ƙasa, "Sun cire."

"Sun cire mi?"

"Rabawar. Mutum guda ne kowane inji."

"To mutum huɗu hwa?"

"Sai inji huɗu da tele huɗu."

Na dubi Kawu, Kawu ya dubi ƙasa. Ranar ban ce na faɗa ba, don girman Kawu. Yanzu nake cewa: na faɗa. Na faɗa a gaban mutane anka yi mini dariya.

Wanda ya zauna ya yanke shawarar cire rabawar nan ban san shi ba, ban san garinsu ba. Amma na san bai taɓa ganin ƙattai huɗu a gaban tele guda suna zungurar juna da gwiwar hannu ba. Yana zaton kowa a duniya na da ɗakinsa, da telensa, da wutar da ba ta ɗaukewa. Abin da ya riga ya iya yi a na farko, ya zo na biyu ya ɗauke, kuma bai rubuta a bayan kwali da baƙin da irina za su gane ba. Zancen Dogo kuwa, ashe sai shi ma ya sayi nasa injin a Gaya. Da anka gaya mishi ta waya ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ce, "Ni da nike jiran kamiyo ya motsa in ci abinci?"

Ba zan yi wa Biyu ƙarya ba, yana da kyau. Ruwa na motsi. In ka harbi bango ƙasa na zuba. Soja na hawa katanga, yana zamewa ya wuce ta ƙarƙashin mota, kana jin takun mutum ka san ta hagu yake ko ta dama. Manet ɗinsa ba igiya, yana rawa a hannu in an harbe ka. Ranar farko har ni sai da na saki baki.

Zakari ne ya fara zama. Ya ga mutum, ya harba, ya ƙara harbawa, mutumin ya tsaya cak kamar gunki, sai ga shi can wani lungu, Zakari kuwa a kwance. Anka sake. Ya gudu ya shige bayan bango, ya zauna lafiya lau, sai ya mutu.

"Ta ina?"

Abdu ya ce rezo ne ke jinkiri, abin da muke gani a tele ya riga ya wuce.

Zakari ya ce, "Ashe tun ɗazu gawa nike tuƙawa."

Waɗanda ake haɗa ka da su kuma baƙi ne daga ƙasashen da ba mu sani ba, da bindigogi masu madubi da riguna masu walƙiya. Wasu saye sunka yi, wasu sun daɗe suna tarawa. Kai sabon shiga a ba ka wata 'yar bindiga kamar ta harbin kurciya a ce je ka yi yaƙi. A Ɗaya in an kashe ka, ka san hannun mutum ne ya fi naka. A Biyu ba ka sani ba, hannunsa ne, aljihunsa ne, ko rezon garinsu. Da Alhaji Bawa ya karɓa, wata murya ta fito daga tele ta yi ta surfa mishi magana da Faransanci. Ya ce mi take cewa, ba wanda ya yarda ya fassara. Ya gane. Ya aje manet a hankali ya ce, "Zakari in ya zage ni na san ƙofar gidan ubansa. Wanga hwa, ina zan same shi?" Ya sa takalmi ya fita, ya daina zuwa.

Wata uku sandar manet ɗin, wadda ake tuƙa soja da ita, ta fara tahiya da kanta. Mutum bai taɓa komi ba, sojansa na juyawa yana kallon sama. Na shimfiɗa kallabi, na ɗauko farantina. Ƙusoshinsa wasu iri ne masu bakin tauraro, turnabis ɗina bai shiga ba, na mai gyaran waya ma bai shiga ba. Da ƙyar na sa maƙeri ya gyara mini baki. Na buɗe na tarar sandar a like take da sauran kayan, ba abin da za ka ciro ka sauya. An yi shi ne don kada irina su gyara. Ya lalace ka sayi sabo, shi ke nan.

Haka ɗakin ya koma: mutum guda na wasa da baƙi, uku na kallon ƙeyarsa, in sun gaji su tahi. Ba gardama, ba dariya, ba wanda ake tadawa. Wata safiya wani ɗan kasuwa ya shigo ya auna ɗakin da ƙafa, bango zuwa bango, ina zaune. Wurin ajiyar albasa yake nema. Da ya fita Kawu ya ce, "Hadiza, in an fara kwasar albasa bencin nan bai cika ba, zan ba shi." Ban da wannan aiki ban iya wani ba.

Washegari na ja tsohon injin daga ƙarƙashin gado, na kwance shi a tsakar gida kan tabarma. Kyankyasai sun yi gida kusa da fankarsa. Na kakkaɓe, na bi da burushi. Idon da ke karanta faifai na shafa mishi auduga sau guda, a hankali, ba a dirza shi. Faifan ya yi zane-zane, na goge shi da man wanke haƙori daga tsakiya zuwa baki, ba a bin zagaye. Na haɗa na kunna. Ya yi ƙara kamar injin niƙa, ya yi shiru har na cire rai, sai ga kiɗan nan.

Saura manet. Cikin huɗun, ɓera ya ci igiyar biyu, guda kuma robarsa ta narke ta like. Na ce ba komi, maƙabarta na nan. Na je bayan ƙofa. Ba buhu.

"Abdu, ina buhun da ke nan?"

"Na tarkacen nan? Na ba masu sayen ƙarfe tun ranar da munka share ɗaki."

"Ka ba wa?"

"Yaya, shara ce. Ba guda mai aiki a ciki."

"Shekara tara nike tara su! Kai kana ganin hauka ce ta sa na aje su? Robar da ke ciki a ina za ka samo mini ita, a takardunka? Ka tambayi wa? Ni ba mutum ba ce a ɗakin nan?"

Taubashina ne, an yarda in zage shi, ranar kuwa na ci izinin nan har ƙarshensa. Nafisa ta farka a bayana tana kuka, masu albasa sunka leƙo. Abdu ya hau babur ya bi masu ƙarfen har wajen gari, ya tarar an daɗe da lodawa.

Daga huɗun na haɗa uku. Na yanke abin da ya rage na igiyar guda na ɗinka wa ɗan'uwansa da dalma, na cire robarsa na ba na uku. Shi ya zama gawa, shi kaɗai cikin sabuwar maƙabarta.

Zan faɗi gaskiyar abin da na gani da na zauna gwaji. Ɗaya ya tsufa. A kaina ina tuna shi tas, amma bayan watanni ina kallon Biyu sai na ga fuskokin sojojin kamar da gatari anka sassaƙa su, hannu kamar cebur. Ruwan Bakin Gulbi shuɗin fenti ne kawai, ba ya motsi. Soja ba ya iya hawa ko ɗan dakali, sai ya zagaya. Juyawa ma da nauyi, kamar mai ɗauke da buhu. Na ce shi ke nan, sun ga mai kyau, ba za su dawo wa wannan ba. Sai na danna harbi. Harsashi ya fita lokacin da na danna. Ba bayan numfashi guda ba, a lokacin. Na manta rabon da in ji haka a yatsana.

Na aika wa Dogo ta bakin masu kwale-kwale, don mutane sun koma haye gulbi ta ruwa. Ranar kasuwa da hantsi sai ga shi, wandonsa jiƙe har gwiwa. Zakari ya ɗauko Alhaji Bawa a babur, Alhaji na cewa shi ba wasa ya zo ba, gaisuwa ya zo yi wa Kawu. Na yanka sabon kwali na kafa. Na ɗaya da na uku a hagu, na biyu shi kaɗai a dama.

Dogo ya zauna a dama ya ce, "Ku haɗu ku biyu, ni kaɗai na ishe ku."

Da hoto ya fito Zakari ya ce, "Kai! Haka muke da muni?"

Dogo ya ce, "Kai dai haka kake tun asali. Zaɓi Duwan."

Alhajin da ya zo gaisuwa shi ya fara karɓar manet. Kafin a kai goma ihu ya kai rumfunan albasa, mutane sunka fara shigowa suna tsayawa a bango. Ba wanda ya ƙara zancen fuska ko ruwa. Dogo ya kayar da Alhaji ya ce, "Allah ya jiƙan albasa." Alhaji ya rama ya ce, "Koma ka shanya wandonka." Dogo ya faɗi a ƙarshe, biyu sun fi ƙarfin guda, ya tashi yana rantsuwar da yana da na biyu da sun gani.

Abdu na tsaye a ƙofa tun ɗazu. Da wuri ya samu a dama sai ya zo ya zauna, ba tare da ya dube ni ba. Shi da ya saba da Biyu, ya yi ta neman hawa kwantena, soja ya ƙi. Zakari ya kashe shi sau huɗu a jere. Sai na ga wuyansa na tsawo, a hankali, a hankali, har kunnensa ya wuce kwali. Ban buɗe baki ba. Ɗakin gaba ɗaya ya ce, "Tashi!"

Ya juya wurin ubansa. Kawu ya ce, "Mi kake kallona? Dokar Hadiza ce. Tashi."

Da anka watse Kawu ya taya ni naɗe igiyoyi, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce ɗan kasuwar nan mai neman wurin ajiya ya sake zuwa, ya ce mishi magana na nan yadda take, sai lokacin kwasa. Sannan ya ce, "Yau don marmari sunka yi. Amma biyu da guda ba wasa ba ne. Wanda ke zama shi kaɗai, sau nawa zai yarda a kashe shi?" Gaskiya ya faɗa. Mako biyu ke nan, kullum sai an yi gardama kan wa zai zauna bencin dama, jiya har mutum biyu sunka fasa sunka tahi. In na raba su guda da guda, fili ya yi faɗi, layi ya yi tsawo. Huɗu anka gina wasan nan a kai, huɗu na gina kwalina a kai.

Biyu na nan a kusurwa da ƙaramin tele, Abdu da abokansa na taɓawa ranar da rezo ya yi kirki. Ban hana ba. Na sa an tambaya mini tsohon manet a Gaya, an tambaya a Kandi, Alhaji Bawa ya tambaya a Kamba. Duk inda anka je sai a ce an daina kawo irinsa, a nuna sabo marar igiya.

Ke kuma mai son buɗe irin nawa, ba na hana ki. Zo da safe, akwai tsintsiya da rariya.

Sauranku ga roƙona. In akwai tsohon manet mai igiya a gidanku, baƙi, mai faffaɗan baki inda ake cusa shi a inji, ko a akwati yake, ko ƙarƙashin gado, ko yara na jan shi a ƙasa suna mota, don Allah kada ku ba masu ƙarfe. Ko ya mutu ina so, roba da igiya nake nema, sauran aikina ne. Ku ba kowane ɗan kabu-kabu, ku ce a kai wa Maman Nafisa bayan rumfunan albasa. Ganyen albasa ya fara kwanciya a fadama. Ku kawo kafin a fara kwasa.